Kamun pompano a bakin teku: me zan sa a ƙugiya, ina kuma zan jefa?

Wani ƙanenmu da ya zo karatu Jacksonville, a jihar Fulorida ta Amurka, ya aiko mini da tambaya. Ya ce tun yana yaro yake fatsa a gulbin garinsu, da tana da sandar gora, kuma ba ya komawa gida hannu rabbana. Da ya zo nan sai ya ga mutane sun jeru a bakin teku da dogayen sanduna kafe cikin yashi, suna fito da wani kifi mai ƙyallin azurfa da ake kira pompano. Ya sayi sanda, ya sayi jatan lande mai ƙanƙara a babban kanti, ya je sau uku yana wurgi iya ƙarfinsa, amma ban da tarwaɗar teku babu abin da ya taɓa ƙugiyarsa. Yana so ya san abincin da ya dace ya sa, da kuma inda yake kuskure.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ka tambayi abinci, zan kuma faɗa maka dalla-dalla. Sai dai ina so mu fara da kifin kansa, domin a shekarun da na yi ina tsayawa a wannan gaɓa na lura cewa wanda ya gane yadda pompano ke kiwo, zaɓen abinci ba ya ba shi wahala.

Ka riƙe pompano a hannu ka duba bakinsa. Ɗan ƙarami ne, yana can ƙasa da hancinsa mai dakushi, kuma babu haƙoran yanka a ciki. A maƙogwaronsa ne yake da wasu faffaɗan ƙasusuwa masu tauri da yake murƙushe ɓawo da su. Wannan baki na mai kiwo a ƙasa ne. Abincinsa ƙananan halittu masu ɓawo da ke ɓoye cikin yashi: ƙaguwar yashi, ƙananan ƙumba masu launi-launi, jatan lande, 'ya'yan ƙaguwa. Shi kuwa ba ya wahalar tono, teku ce ke tona masa. Duk igiyar ruwan da ta faɗo ta daki yashi sai ta tayar da waɗannan halittu, ruwan da ke komawa ya janyo su zuwa wuri mai ɗan zurfi, su kuma pompano suna bin wannan wuri garke-garke suna tsinta. Jikinsa faffaɗa ne siriri, wutsiyarsa mai baki biyu, shi ya sa yake ratsa ruwa mai hargitsi yadda ya ga dama. Yawancin waɗanda za ka kama ba sa wuce laba 1 zuwa 3. Mafi girma da aka yi wa rajista a Fulorida laba 8 ne da oza 4, a Port St. Joe cikin 1999. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka, idan ya ja zare za ka rantse ya ninka haka.

To, kuskurenka na farko shi ne wurgi iya ƙarfi ba tare da sanin abin da ke ƙarƙashin ruwan ba. A gulbi ai ba ka jefa ƙugiya ko'ina, kana neman gurbi, ko gindin itacen da ya faɗa ruwa, ko inda ruwa ke juyawa. Teku ma haka take, illa dai nata gurbin yashi ne, kuma yana sauya wuri bayan kowace babbar iska. Ka je bakin teku lokacin da ruwa ya janye sarai, ba tare da sanda ba, ka hau wuri mai ɗan tudu ka zuba ido na minti goma sha biyar. Za ka ga igiyar ruwa ta taso daga nesa, ta karye ta yi farin kumfa a wani layi, sai ta lafa ta yi shiru, sannan ta sake tasowa ta karye a gabanka. Inda ta fara karyewa tudun yashi ne a ƙarƙashin ruwa. Inda ta lafa, wanda ruwansa ya fi duhu, kwari ne da ya miƙe tsakanin tudun da gaɓa. Wannan kwarin shi ne hanyar pompano.

Sai ka ci gaba da bin layin farin kumfar da ido. Wani wuri za ka ga layin ya yanke, igiya ba ta karyewa a nan, ruwan ya yi ɗan gurɓata yana komawa cikin teku da kumfa a bayansa. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan ƙofa ce da ruwa ya fasa a jikin tudun, ta nan duk abin da igiya ta tono yake fita, ta nan kuma kifi ke shigowa kwari idan teku ta fara cika. Idan ka sami irin wannan ƙofa, ka yi mata alama da wani gini ko sanda a bayanka, domin idan ruwa ya cika ba za ka gan ta ba. Ka kafa sandunanka a gefenta. Amma kada ka kuskura ka shiga ruwa a cikin ƙofar. Wannan jan ruwan ne ke tafiya da masu iyo kowace shekara a Fulorida, kuma iyon gulbi ba ya maganinsa.

Yanzu ga maganar abinci. Sarkin abincin pompano wata 'yar halitta ce da na saba kira ƙaguwar yashi. A shagon masunta za ka ji suna ce mata sand flea, wato ƙumar yashi. Ba ƙuma ba ce, ba ta cizo, ba ta ma da hannun matsa irin na ƙaguwa. Girmanta kamar kan babban yatsa, siffarta kamar ƙwan tantabara, launinta ruwan toka, tana zaune daidai inda igiya ke wanke yashi ta koma. Da baya take nutsewa, cikin ƙiftawar ido ta ɓace. Ga yadda ake gane inda suke. Ka tsaya gefe, kada inuwarka ta faɗa kansu, ka kalli yashi a daidai lokacin da ruwa ke komawa ya rage siriri kamar mayafi. Za ka ga wani fili ya yi kaushi, cike da ƙananan alamu masu kama da sawun tsuntsu. Gashin bakinsu ne suka miƙo suna tace abinci. Ka jira igiya ta gaba ta rufe su, tana fara janyewa ka taka da sauri ka kafa abin kwasarka. Ana sayar da wani kwando na ƙarfe mai dogon mariƙi domin wannan aiki, amma ni da matatar taliya ta roba na fara, kuma ta yi. Ka ɗebo yashin, ka bar ruwa ya wanke shi, sai ka ji suna motsi a ƙasan kwandon.

Cikin abin da ka kwaso, ka juya kowace ka duba cikinta. Wadda ka ga tana ɗauke da dunƙulen ƙwai ruwan lemo, ware ta, ta fi sauran daraja. Wadda kuma ka taɓa ka ji bayanta da laushi, wato ta yi saɓa ke nan, ita ce ba ta daɗewa a ruwa kifi bai ɗauka ba. Wajen sawa, ka riƙe ta ciki sama, ka soka ƙugiya ta wannan ɗan murfi mai tsini da ke kwance a cikinta, tsinin ƙugiyar ya ɗan leƙo ta bayan ɓawon kaɗan. Idan ka fasa ɓawon da yawa, wurgin farko za ta tarwatse a iska. Kada ka ajiye su cikin bokitin ruwa, za su mutu kafin hantsi. Yashi mai danshi suke so, a cikin mazubi mai huji a ƙasa domin fitsarinsu ya tsiyaye, shi ne ke kashe su, sannan a ajiye a inuwa ko a saman ƙanƙara ba tare da sun taɓa ta ba. Ran da ka samu da yawa, ka tsoma ragowar cikin tafasasshen ruwa na 'yan daƙiƙu har su yi launin lemo, ka tsame, ka sa a firiza. Za su yi maka rana cikin hunturu, lokacin da suke wuyar samu. Na kuma lura cewa gaɓar da aka yi wa cikon sabon yashi da injin takan daɗe ƙaguwar ba ta dawo ba, saboda haka idan ka ga an yi wannan aiki kwanan nan, ka matsa gaba.

Wani abu da ya kamata ka riƙe: inda ka ga ƙaguwar yashi ta yi yawa, ko ƙananan ƙumba suna ta nutsewa bayan kowace igiya, ka riga ka sami rabin amsar inda za ka kafa sanda. Kifi ya san wurin kafin kai.

Jatan lande shi ne na biyu, kuma a nan ne kuskurenka na biyu yake. Wanda ake sayarwa a babban kanti domin girki sau da yawa an jiƙa shi da maganin adanawa, ya kwana watanni a ƙanƙara. Da ya narke sai ya yi lugub, ƙamshinsa ya tafi, ba ya zama a ƙugiya. Tarwaɗa ba ta zaɓe, shi ya sa ita kaɗai ta amsa maka. Ka je shagon masunta ka nemi sabo wanda ba a taɓa daskarar da shi ba, ko ka sayi mai rai ka sa shi a ƙanƙara da kanka. Ka ɓare, ka yanka gunduwa-gunduwa kamar gaɓar ƙaramin yatsa. Ka tuna da girman bakin nan. Idan ka sa jatan lande guda cur, ƙananan kifaye za su yage shi kafin pompano ya iso. Naman ƙumba ma yana aiki ƙwarai a yankinku na arewa maso gabashin Fulorida, musamman idan ruwa ya yi sanyi, haka nan gaɓar ƙafar babbar ƙaguwa da ɗan naman da ke manne da ita. Idan kana so jatan lande ko ƙumba su yi tauri su jure wurgi mai nisa, ka shimfiɗa su a faranti ka lulluɓe da gishiri su kwana a firij. Gishirin zai tsotse ruwan, naman ya yi danƙo.

Akwai kuma abincin da ake haɗawa a masana'anta. Wanda aka fi sani shi ne Fishbites, da ake yi a St. Augustine, kusa da ku. Siririn yanki ne mai faɗi kamar cingam, da ɗan ƙyalle a tsakiya, yana narkewa a hankali yana sakin ƙamshi. Da farko na raina shi. Abin da ya sa na sauya ra'ayi shi ne ba ya faɗuwa. Idan ƙananan kifaye suka cinye jatan landenka cikin minti biyu, shi yana nan a ƙugiya yana aiki. Yadda nake yi, nakan sa ɗan jatan lande ko ƙaguwar yashi tukuna, sannan in yanki Fishbites kamar girman farce in sa a tsinin, ya zama ya tokare abincin kada ya zame.

Kayan haɗin ba su da wuya. Zare ne mai kauri, mai jure laba 20 zuwa 30, tsawon kamu uku ko huɗu, da rassa biyu gajeru a jikinsa, kowane reshe da ƙugiya, dalma kuma a can ƙarshe. Kamar ɗan guntun mamari ne, wato doguwar igiyar masunta mai ƙugiyoyi da yawa. Ƙugiyar ta zama irin mai lanƙwasa da tsininta ya juyo ciki, lamba 1 ko 1/0, in ta yi girma 2/0. Za ka ga ana saka wani ɗan dunƙulen soso ko dutsen ado mai launin lemo, ruwan hoda ko rawaya a saman kowace ƙugiya. Aikinsa biyu ne: yana ɗaga abincin daga ƙasa kaɗan yana rawa cikin ruwa, kuma launin lemon yana kama da ƙwan ƙaguwar yashi. Pompano da ido yake farauta sosai. To amma ran da teku ta kwanta, ruwa ya yi garau, babban soso yakan kore shi. Kifi na ganinka, mai jar koma. A irin wannan rana nakan cire soson a sanda ɗaya in bar ƙugiya da abinci kawai, in ga wadda za ta fara amsawa.

Dalmar ta zama mai siffar dala, domin ta nutse cikin yashi ta riƙe. Oza 3 ko 4 ta ishe ka a yawancin ranaku. Idan ruwa yana jan kayanka gefe har suna dawowa gaɓa, akwai wata dalma mai ƙafafun waya da suke kira sputnik, tana kafewa kamar anka, idan ka ja da ƙarfi ƙafafun su lanƙwashe ta saki. Sanda mai tsawon ƙafa 10 zuwa 12 ake so, domin nisa da kuma ɗaga zare sama da igiyar ruwa. Abu ɗaya da ba na wasa da shi: idan zaren da ke cikin injin naɗinka siriri ne, ka ɗaura masa zare mai kauri a gaba, wanda ya fi tsawon sandar har ya zagaya injin sau biyar ko shida. Ƙa'idar da masunta ke bi ita ce laba 10 ga kowace oza ta dalma, wato dalma mai oza 4 tana son zare mai jure laba 40. Dalmar da ta tsinke a tsakiyar wurgi harsashi ce, kuma bakin teku cike yake da yara.

Da sanda ɗaya ma ana kamu, amma biyu ko uku sun fi, saboda dabarar duka ita ce neman layin da garken ke bi a ranar. Ka yanko bututun roba na famfo, ka fere bakinsa, ka kafa cikin yashi ya zama mazaunin sanda. Ta farko ka jefa kusa, cikin kwarin farko, wani lokaci taku ashirin kacal daga inda kake tsaye. Ta biyu ka sa a gindin tudun yashi ta ciki. Ta uku ka tsallake tudun da ita. Wadda ta fara kamawa, sai ka mayar da sauran wannan nisan da sauri, domin garken ba ya tsayawa, minti goma na alheri ne sai su wuce. A gaɓar Jacksonville, inda yashi ya kwanta kuma tudun yake da nisa, wurgi mai nisa yakan biya, ban hana ka ba. Amma na sha ganin an fitar da pompano a bayan mutumin da ya shiga ruwa har ƙugu yana ƙoƙarin wurgi. Idan sanda ɗaya gare ka, ka sauya nisa duk bayan minti goma sha biyar, kana duba abincin a kowane karo. Idan awa guda ta wuce shiru, ka naɗe kayanka ka nemi wata ƙofar.

Bayan ka jefa, ka naɗe zare har ya miƙe, kan sandar ya ɗan sunkuya. Ka sassauta birkin injin yadda babban kifi zai iya jan zare ba tare da ya tafi da sandar ba. Cin pompano iri biyu ne. Wani lokaci kan sandar zai yi ta bugawa da ƙarfi ya lanƙwashe. Wani lokaci kuma, kuma wannan ne baƙo ke rasawa, sai ka ga sandar ta miƙe tsaye, zaren ya saki ya yi lilo. Kifin ne ya ɗauki abincin, ya tumɓuke dalmar, ya nufo gaɓa. Ka ɗauki sanda ka yi ta naɗi har ka ji nauyinsa. Hannunka na gulbi zai so ya fizga, ka hana shi. Ƙugiya mai lanƙwasa da kanta take zamewa ta kama gefen baki, fizga kuwa fitar da ita take yi. Da ya iso kusa zai juya faɗin jikinsa ya yi gudu a gefe, yana bin gaɓa. Ka bi shi da ƙafa. Wurin da aka fi asararsa shi ne taku biyar na ƙarshe, lokacin da ruwa mai komawa ke jansa kai kuma kana ja. Ka dakata, ka bar igiya ta gaba ta ɗauko shi, sai ka ja da baya tare da ita ta ajiye maka shi a kan yashi.

Lokaci kuma yana da nasa hukunci, wataƙila ma rashin sa'arka daga nan take. Pompano matafiyi ne, zafin ruwa yake bi. Ya fi sakewa idan ruwa yana tsakanin digiri 65 da 75 a ma'aunin da ake amfani da shi a nan, wato kusan 18 zuwa 24 a namu na gida. Cikin hunturu garkunan suna kudu, wajen Sebastian Inlet, Hutchinson Island da Juno Beach. Idan ruwa ya fara ɗumi sai su hauro, su ratsa yankinku daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, wasu su wuce har North Carolina, sannan su sake biyowa ta gabanku a Oktoba da Nuwamba. A cikin yini, na fi son in yi sallar asuba in fita, musamman ran da fitowar rana ta dace da cikowar teku. A gefenku na Atilantika teku tana cika sau biyu a yini, jadawalin yana cikin waya kyauta. Ka kuma duba launin ruwa kafin ka sauke kaya daga mota. Kore mai haske da 'yar igiya matsakaiciya, shi ake nema. Idan iskar arewa maso gabas ta kwana biyu tana kaɗawa, ruwa ya koma kamar kunun kanwa, ranar tarwaɗa ce. Ita kuma wannan tarwaɗar ka yi hattara da ita kamar yadda kake yi da ƙurungu: ƙayarta ta baya da ta gefe suna da dafi, da filaya ake cire mata ƙugiya.

Ran da ka je gada ko dogon dandamalin da ya shiga teku, akwai wata dabara ta dabam. Ana amfani da 'yar dalma mai lanƙwasa kamar ayaba, mai fenti rawaya ko ruwan hoda, da ƙugiya a jikinta da wata ƙaramar ƙugiya mai gashi a gefe. Ana jefawa ta taɓa ƙasa, a ɗan fizga ta yi tsalle, a bar ta ta faɗi ta tayar da ƙurar yashi, kamar ƙaguwa mai gudun ɓuya. Tana kamu sosai, amma ka bari sai hannunka ya faɗa da ta farko.

Kafin ka sake fita, ka gyara takardunka. Mazaunin Fulorida yana karɓar lasisin kamu daga gaɓa kyauta, wanda ba mazauni ba kuwa sai ya saya, kuma jami'an hukumar kifi da namun daji ta jihar, FWC, suna zagayawa suna dubawa. Doka ta ce pompano ya kai inci 11 daga hanci zuwa inda wutsiya ta rabu, kuma guda 6 ga mutum ɗaya a yini. Ka riƙa leƙa shafin hukumar a farkon kowace kaka, ka kuma koyi bambanta shi da ɗan'uwansa, kifin da ake kira permit, wanda ƙaraminsa ke kama da shi ƙwarai amma dokarsa dabam ce. Wanda bai kai ba, ka jiƙa hannunka ka mayar da shi ruwa da sauri.

Wanda ya kai kuwa, kada ka bar shi yana birgima a yashi mai zafi. Ka yanka ƙarƙashin kunnensa jini ya fita, ka nutsa shi cikin ƙanƙara da ka zuba wa ɗan ruwan teku. Namansa fari ne mai maiƙo, ƙayarsa ba ta da yawa, ɓawon jikinsa ƙanana ne har wasu ba sa kankarewa. Ni nakan cire kayan ciki, in tsaga shi sau uku a kowane gefe, in cusa yajin ƙuli da tafarnuwa da lemon tsami, in ɗora a kan garwashi da kansa da komai. Idan ka samu na farko, ka aiko mini da hotonsa, ka kuma faɗa mini nisan da ya ci da abin da ke ƙugiyar, sai mu san yadda za mu gyara sauran sandunan.